Bayan da Bai Taɓa Ƙasa Ba

Duk inda maza suke gwada ƙarfi, akwai wani a gefen fage da ke riƙe da lissafi. Mu nan Nijar ba baƙin wannan al'amari ba ne. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, abin da jama'a ke kasa kunne su ji a rediyo kowane maraice shi ne adadin waɗanda har yanzu ba a kayar ba, kullum suna raguwa, har a wayi gari saura biyu, takobi kuwa guda ne. Sai dai kokowa tana da afuwa. Wanda ya faɗi bana, baɗi zai dawo da wankakken allo, kayen bara ya zama abin hira a gindin bedi. Akwai wani fagen da ba ya wanke wa kowa allo, shi nake so mai karatu ya raka ni mu leƙa.

Turawa suna taƙaita sunan wasan da MMA, ni kuwa zan kira shi damben gauraye, domin an zuba dambe da kokowa da shuri da shaƙa a tukunya guda. Kamfanin UFC, wanda ya fi kowa ƙarfi a wannan harka, ya shirya taronsa na farko a birnin Denver na Amurka cikin Nuwamban 1993. A yau ana yin wasan cikin keji mai kusurwa takwas, turmi uku na minti biyar-biyar, in kuwa kambu ake nema turmi biyar. Safar hannun da ake sawa ba ta wuce giram 110 da ƴan kai ba. Mutum na iya faɗuwa da naushi ko shuri ko gwiwa, ana iya shaƙe shi ko a murɗe masa gaɓa har ya daddaɓa hannu ya ce ya saduda, girarsa na iya tsagewa likita ya tsai da wasa, in kuma duk ya tsallake waɗannan, alƙalai uku na zaune da alƙalami. Kowane ɗan wasa yana yawo da lambobi biyu a bayan sunansa, na ci da na faɗuwa, kuma na biyun ba ya gogewa har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yawan ƙofofin faɗuwa shi ya sa jerin nasarori yake da tsada a nan. A damben Turawa, Rocky Marciano ya yi ritaya da wasa 49 ba a doke shi ba, Floyd Mayweather ya kai 50. A UFC kuwa, Anderson Silva na Birazil ya jera 16 tsakanin 2006 da 2012, aka shekara goma sha uku kafin wani ya kamo shi. Kamaru Usman ya tsaya a 15. Manyan gwanaye irin su Georges St-Pierre da Jon Jones da Demetrious Johnson duk 13 suka iya jerawa. In an fita daga UFC aka haɗa da sauran fagage, sai a ji Habib Nurmagomedov da 29, da Fedor Emelianenko da ya kusa shekara goma ba a ga bayansa a ƙasa ba. Masu sha'awar wasan ba su gajiya da musu a kan wanda ya fi, kuma galibi musun yakan ƙare ne a kan wanda lambarsa ta fi girma.

Wannan hukunci bai gamshe ni ba, kuma na san ba zai gamsar da duk wanda ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ba. In yaro ya zo da 20 bisa 20, malamin kirki yakan tambayi wanda ya tsara tambayoyin kafin ya yi tafi. Akwai wani Ba'amurke, Travis Fulton, da ya yi wasa fiye da 300 ya ci fiye da 250, mafi yawansu a ƙananan taruka da mutanen da ba wanda ya san su, kuma ba mai hankalin da ke sa sunansa kusa da na waɗanda na ambata. Ma'aunina dai shi ne: sau nawa mai jerin ya kai shi gaban wanda zai iya ƙwace shi, me kuma ya yi a daren da ya ga yana kuɓuce masa.

Silva ya shigo UFC yana da shekara 31, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye safa. Ya gama da Chris Leben cikin daƙiƙa 49 a Yunin 2006, watanni huɗu bayan haka ya karɓe kambun ajin kilo 84 daga hannun Rich Franklin da gwiwoyi, ya riƙe shi kwana 2,457, ya kare shi sau 10. Cikin nasarorin nan 16, guda 14 ba su kai ga alƙalai ba. Wanda ya kalli yadda ya saki hannuwansa a gaban Forrest Griffin cikin 2009, yana kauce wa naushi da kai kawai kamar mai kauce wa ƙuda, ko shurin da ya ɗora wa Vitor Belfort a haɓa cikin 2011, ya san an kai wani matsayi da ƙarfi ke komawa fasaha. Amma duk waɗannan ba su ne hujjata a kansa ba.

Hujjata ita ce daren 7 ga Agustan 2010 a Oakland. Chael Sonnen, ɗan kokowa mai baki kamar reza, ya yi watanni yana zagin Silva da ƙasarsa, sa'an nan ya shigo keji ya cika abin da ya faɗa. Turmi huɗu cur yana kayar da shi yana danne shi yana dukansa. Turmi na biyar ma haka ya soma. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, kambu ya riga ya kama hanyar gidan Sonnen, sai Silva daga kwance ya zura ƙafafu ya sarƙe masa wuya da hannu guda, Sonnen ya daddaɓa. Minti ashirin da uku ana dukan mutum, bai rasa natsuwar da zai jira kuskure guda ba. Da jerin Silva duk irin na Leben ne, da sai in ce ya zo ne a zamanin da ajinsa ba shi da maza. Sonnen ne ya ba sauran goma sha biyar ɗin daraja.

Ƙarshensa kuwa kowa ya san shi. A Yulin 2013, yana da shekara 38, ya tsaya gaban Chris Weidman yana wasan da ya saba, hannu a ƙasa, yana kwaikwayon wanda naushi ya gigita, sai na gaske ya same shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da suka sake haɗuwa a Disamba, ƙafarsa ta karye a kan gwiwar Weidman. Daga nan har ya bar UFC cikin 2020 nasara ɗaya tak aka rubuta masa, har ma aka same shi da haramtattun ƙwayoyi a 2015. Wasu na cewa wannan wutsiya ta ɓata kan. Ni ban ga yadda abin da ya faru a 2015 zai tashi Sonnen daga cikin ƙafafunsa a 2010 ba, ko da yake maganar ƙwayoyin tana barin ɗaci a baki.

Dogon jeri yakan yanke ne farat ɗaya, kamar tsohuwar igiyar guga. José Aldo ya shekara goma ba a doke shi ba, Conor McGregor ya gama da shi cikin daƙiƙa 13 a Disamban 2015. A ɓangaren mata, Cris Cyborg ta shekara goma sha uku, Amanda Nunes ta tsayar da ita cikin daƙiƙa 51 a 2018. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne na Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Nijeriya, wanda ya koma Amurka yana ɗan shekara takwas. Ranar 20 ga Agustan 2022, a Salt Lake City, yana da 15 a hannu, yana neman ta 16 da za ta daidaita shi da Silva. Abokin karawarsa, Leon Edwards, mutum ne da ya taɓa ci a 2015. Usman yana gaba da turmi uku a takardun alƙalai duka, na biyar ma yana hannunsa. Da ya ga dama ya rungume Edwards a jikin keji, ko ya yi ta zagaye har a kaɗa ƙararrawa. Ya ci gaba da tsayawa a gabansa. Edwards ya nuna masa hannun hagu, ya sunkuya don ya kauce, ƙafar hagu ta tarye shi a kai. Saura daƙiƙa 56. In aka ce 16 ta fi 15, gaskiya ne a lissafi, amma mai karatu ya san cewa abin da ke tsakaninsu bai kai lokacin da ake ɗauka a ɗaura rawani ba.

Yanzu ga wanda jama'armu suka fi ƙauna, kuma na san dalili. Habib Nurmagomedov Musulmi ne daga duwatsun Dagistan, mai kunya, mai biyayya ga mahaifi, wanda ba ya karɓar wasa cikin azumi, kuma shi ne ya ladabtar da McGregor a Oktoban 2018 bayan wannan ya taɓa masa addini da iyaye da ƙasa. Wasa 29 ya yi, 29 ya ci. Salon nasa ba ɓoyayye ba ne: ya kai ka jikin keji, ya kayar da kai, ya nannaɗe maka ƙafafu da nasa, ya riƙe maka hannu guda a baya, ya yi ta duka har ka ba da wuya. Kowa ya san abin da zai yi, ba wanda ya hana. Mahaifinsa Abdulmanap, wanda shi ne malaminsa tun yana yaro, ya rasu a Yulin 2020 sanadin cutar korona. A watan Oktoba Habib ya shaƙe Justin Gaethje a Abu Dabi, ya durƙusa a tsakiyar keji yana kuka, ya cire safa ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba zai ƙara ba. Shekarunsa 32. An bi shi da kuɗi masu yawa, bai dawo ba.

A matsayin ɗa, ban san wanda ya kai shi ba a wannan fage, kuma ba zan so a ji na rage masa komai ta wannan fuska ba. Amma maganar jeri muke yi. Cikin 29 ɗin nan, 16 na farko ya yi su ne a Rasha da Yukiren, da mutanen da yawancinsu ba su bar suna ba. A UFC 13 ne, kuma cikinsu akwai na Gleison Tibau a 2012, wanda ya kasa kayarwa ko sau ɗaya, har yau ana musu a kan hukuncin alƙalan. Kambun ya kare shi sau uku: McGregor, Dustin Poirier, Gaethje. Manya ne duka, kuma ya murƙushe su. Sai dai uku ne, inda Silva yake da 10, St-Pierre 9, Demetrious Johnson 11. Bai hau wani aji ba, bai tsaya ya ga samarin da suka girma suna nazarin salonsa ba. Sifilin da ke bayan sunansa gaskiya ne, amma rabinsa gwaninta ce, rabinsa sanin lokacin tashi daga kasuwa.

Akwai kuma Tony Ferguson, wanda ya jera 12 a aji guda da zamani guda da shi. Sau biyar aka sa musu rana, sau biyar tana rushewa, wani lokaci ciwo, wani lokaci rage nauyi, na ƙarshe korona. Ferguson ya gaji da jira ya karɓi Gaethje a Mayun 2020, ya sha kashi, daga nan ya jera faɗuwa takwas. Mutane na kallon waɗannan takwas su ce ai da ma Habib zai cinye shi. Mai yiwuwa. Amma Ferguson na 2017 ba shi ne na 2022 ba, kuma wannan tambaya ce da aka tashi daga jarrabawa ba a amsa ta ba.

Jon Jones ba zan daɗe a kansa ba. A baiwa wataƙila ya fi su duka: ya ɗauki kambun kilo 93 yana da shekara 23 cikin 2011, ya bi tsofaffin zakaru ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa guda da aka rubuta masa, ta Matt Hamill a 2009, kora ce saboda wani dukan gwiwar hannu da doka ta hana a lokacin, alhali shi ke bisa yana duka, kuma an soke wannan dokar a 2024. To amma nasararsa a kan Daniel Cormier ta 2017 an shafe ta saboda an samu ƙwaya a jikinsa. Takardar da aka yi ta kankarewa ana sake rubutawa, da wuya malami ya ɗaga ta ya nuna wa aji.

Wanda nake ba wa takobi shi ne Fedor Emelianenko. Mutumin Stary Oskol ne a Rasha, tsawonsa bai wuce mita 1.83 ba, ga ɗan tumbi, ga fuska kamar ta mai jiran mota a tasha. A Disamban 2000, a wata gasa a Japan, gwiwar hannun Tsuyoshi Kohsaka ta tsaga masa gira cikin daƙiƙa 17. Dokar gasar ta hana irin wannan duka, amma da yake dole wani ya wuce zagaye na gaba, aka ba Kohsaka. Daga wannan dare har Yunin 2010 ya yi wasa 28, ya ci 27, ɗaya aka tsayar ba hukunci saboda sun yi karo da kai. Abin lura shi ne a ajin masu nauyi ya yi haka, inda ƙato mai kilo 110 ko 120 ba ya bukatar ya fi ka iyawa, ya dai same ka sau ɗaya. Don a gane wuyar abin: lokacin da Stipe Miocic ya kare kambun masu nauyi na UFC sau uku kacal a jere, cikin 2018, tarihi aka ce ya kafa.

Kuma an same shi, ba sau ɗaya ba. A 2003 Kazuyuki Fujita ya ɗora masa naushin da ya sa ƙafafunsa suka yi ta rawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ya rungume shi har kansa ya dawo, ya tashi ya shaƙe shi. A 2004 Kevin Randleman ya ɗaga shi sama ya juye shi ya soka kansa a ƙasa, irin kayen da ke karya wuya. Bai kai minti ɗaya ba Fedor ya juyo bisa ya murɗe masa hannu. Ya shiga cikin ƙafafun Antônio Rodrigo Nogueira, wanda duniya ke tsoron kwanciyarsa, ya doke shi a can, daga baya ya sake doke shi. A 2005 ya tsaya da Mirko Cro Cop, mai shurin hagun da ke sumar da mutane, ya bi shi da ƙafa har ya gajiyar da shi. Tsofaffin zakarun UFC biyu, Tim Sylvia da Andrei Arlovski, na farko daƙiƙa 36 ya yi a 2008, na biyu yana cin wasan a 2009 har ya yi tsalle da gwiwa ya haɗu da hannun dama a sama. Silva yana da daren Sonnen guda. Fedor yana da irinsa uku ko huɗu.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Pride na Japan, inda ya yi zamaninsa, yana son abin kallo, ya sha haɗa shi da waɗanda ba sa'o'insa ba. Shi ma Hong-man Choi, dogon Koriya mai mita 2.18 da ya kara da shi a ƙarshen 2007, bai san komai a kwance ba. Binciken ƙwayoyi a Japan ta wancan zamani ba abin a zo a gani ba ne. Bai taɓa shiga UFC ba, saboda haka bai haɗu da Randy Couture ba lokacin da duniya ke son ganin haka. In aka cire ƙaiƙayi, 27 ɗin za su ragu sosai. Amma tsabar da za ta rage ta fi ta Habib yawa, kuma an same ta a wurin da kuskure ɗaya ke isa.

A San Jose aka yanke shi, ranar 26 ga Yunin 2010. Ya ga Fabricio Werdum ya faɗi, ya bi shi ƙasa kamar yadda ya bi Nogueira, ƙafafu suka rufe, ya daddaɓa sau ɗaya bayan daƙiƙa 69. Abin da ya ba shi shekara goma shi ya karɓe su. Ya faɗi sau biyu a jere bayan wannan, ya tafi, ya dawo, bai ajiye safa ba sai a Fabrairun 2023 yana da shekara 46.

Saura mutum guda, wanda ban yanke masa hukunci ba domin littafinsa bai kai shafin da ake sa hannu ba a shekarun da nake magana a kansu. Islam Makhachev ɗan Dagistan ne shi ma, almajirin Abdulmanap ne shi ma, tare suka tashi da Habib a ɗakin horo guda. Shi ba shi da sifili: a Oktoban 2015 Adriano Martins ya sumar da shi a turmin farko. Bayan wannan ya soma jerawa, kuma abin da ke burge ni shi ne irin igiyoyin da ya tsinka a hanya. Charles Oliveira ya zo masa da 11 a jere cikin 2022. Alexander Volkanovski ya zo da 22 cikin 2023, a Ostareliya gaban mutanensa, ya kuma gama turmi na biyar yana bisa Makhachev yana duka, amma bai isa ya karɓe wasan ba. Ya kare kambun kilo 70 sau huɗu, ya wuce Habib da ɗaya, sa'an nan ya ajiye shi ya hau kilo 77, inda Jack Della Maddalena ke jira da 18 a jere. A Nuwamban 2025, a birnin New York, ya danne shi turmi biyar, ya cika 16, ya kamo Silva. A mafi yawan waɗannan darare, mutumin da ke tsaye a bayan keji yana ƙwala masa umarni da harshen Rasha, Habib ne.